Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓe Kuɗi

'Yan'uwa talakawa, da ku 'yan kasuwar Jibiya, muna da magana da ku a kan samarinmu da ke ƙetare iyaka ta Magama da buhu a kafaɗa, suna tafiya neman zinariya.

Ba mu manta da watan Nuwamba na 2021 ba, sa'ad da rami ya rufta a Garin Liman, cikin ƙasar Ɗan Isa, nan kusa da mu a jihar Maraɗi. Mutum 18 a ƙalla suka riga mu gidan gaskiya. Ba mu kuma manta da 2010 ba, shekarar da gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma. Me ya kashe su? Dutsen zinariya mai dalma aka riƙa niƙawa a bushe a tsakar gida, ƙura ta sauka inda yara ke rarrafe. A 2015 abin ya sake aukuwa a ƙasar Rafi ta jihar Neja. Muna tambaya: a cikin waɗanda aka binne, ɗan wane babban mutum ne?

To, me mahukunta suka yi? Abin da suka saba. A watan Afrilu na 2019 suka hana haƙar ma'adinai a Zamfara, ba su janye ba sai Disamba na 2024. A watan Agusta na 2019 suka rufe iyaka, Jibiya ba ta buɗe ba sai Afrilu na 2022, suka sake rufe ta a 2023. Amma a watan Yuli na 2020, cikin wannan hani, sai ga dunƙulen zinariya mai kilo 12.5 an kai fadar shugaban ƙasa ana tafi. Hannun wa ya wanke ta? Na talaka. Ashe zinariyarsa halal ce, shi ne haramun!

Tun da ba a aiko mana malamin da zai koya wa yaranmu aikin ba, bari mu faɗa musu da kanmu, don idan kunne ya ji, jiki ya tsira.

Zinariyar rafi daban, ta dutse daban. Ta rafi ruwa ya riga ya niƙe mata dutse, tana kwance cikin yashi. Nauyinta ya ninka na ruwa sau 19, na yashi kuwa bai kai sau 3 ba. Asirin wankin ke nan duka: ruwa ya tafi da marar nauyi, mai nauyi ya zauna. Saboda haka kaya huɗu sun ishe ka.

Na fari rariya, ka fid da tsakuwa tun da wuri. Na biyu kasko mai faɗin baki, wanda da shi za ka gwada wuri kafin ka kashe ko sisi. Wurin da kasko bai nuna komi ba, inji ba zai nuna ba. Na uku dogon akwati na katako mai buɗaɗɗen sama, a shimfiɗa masa kafet ko bargo, a gitta masa 'yan sanduna, a karkata shi kamar inci ɗaya a kowace ƙafa. In gangara ta yi yawa, ruwa ya gudu da arzikinka. In ta yi kaɗan, yashi ya cushe. Ka riƙa ɗauraye kafet a baho a kai a kai. Kafintan garinku zai iya ƙera shi, babur kuma ya ɗauka. Na huɗu ƙaramin injin ban ruwa irin na fadama, shi ma sai kun haɗa kuɗi ku biyar ko goma, ku haƙa tafki ku riƙa maimaita ruwan, don ƙasarmu ba ta da ruwan ɓarna.

Abu uku kuma muke cewa ku guje su. Kada ku niƙa dutse a bushe, balle a gida, balle da injin da ake niƙa hatsi. Kada ku taɓa zaiba, ruwan nan mai ƙyalli da ake kama zinariya da shi. In aka ƙona shi hayaƙinsa yana cin ƙwaƙwalwa da ƙoda, ya bar mutum da karkarwar hannu. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Minamata ta rage shi tun 2018, amma wa ya zo bakin rafi ya gaya muku? Na uku, kada ku karɓi babban inji bashi daga hannun wanda zai ce shi kaɗai za ku sayar wa. Ranar da ka karɓa, ranar ka zama baransa: shi ke da ma'auni, shi ke yanka farashi.

Ku kuma 'yan kasuwa, ku ji tsoron Allah. Wanda ya sayar wa yaro guba don ribar kwana ɗaya, ya sani wannan rafin ne iyalinsa ke sha.

Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce arzikin ƙarƙashin ƙasa yana hannun Gwamnatin Tarayya, ta kuma yarda ƙananan masu haƙa su kafa ƙungiyar gama kai su nemi lasisi. To, mun riƙe Gwamnati da dokarta. Muna son a sauƙaƙe lasisi, a yi takardunsa da Hausa. Muna son wurin saye mai ma'aunin gaskiya kusa da masu wanki, a kafe farashi a bango kowa ya gani. Muna son a riƙa gwada jinin yara kyauta a duk ƙauyen da ake wannan aiki.

Kafin nan, mu haɗa kai, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kura ta gaji da shan bugu.