Wa Ya Sace Tsauni Daga Bakin 'Ya'yanmu?

Ranar wata Juma'a a gidanmu da ke Zangon Hausawa na Tamale, ina nuna wa ɗan ƙanwata hoton Dutsen Arfa a waya, sai yaron ya ce: "Kawu, wannan ai mawuntin ne, dutse shi ne wanda ake jifa da shi." Na tambaye shi ko ya san tsauni. Ya ce ko sunan mutum ne? Manyan da ke wurin suka fashe da dariya. Ni kam ban ga abin dariya ba.

Da na yi ƙorafi, wani dattijo ya ce mini: "Malam, kwantar da hankalinka. Tamale fili ce, ina yaro zai ga tsauni? Kuma Hausa ta fi ƙarfin mutuwa, miliyoyin mutane ke jin ta." Da wannan maganar nake faɗa, domin ita ce ke lallashinmu muna barci.

Batun fili dai ba hujja ba ce. Maƙwabtanmu Dagomba a wannan filin suke zaune, amma kalmarsu ta "zoli" tana nan a bakinsu. Yaron nan bai taɓa ganin teku ba, ya kuma san sunanta. Kalma daga baki ake gadonta, mu ne muka daina faɗa.

Batun yawa kuwa, bari in kai ku arewacin jihar Kalifoniya ta Amurka, bakin kogin Klamath, wurin ƙabilar Karuk. Waɗanda suka tashi da harshen a cikinsu sun kusa ƙarewa. A harshensu tsauni shi ne "tuuyship", kuma kogi da tsauni ne alƙiblarsu: "karuk" wajen da kogi ya fito, "yuruk" wajen da ya nufa, "maruk" hawa tudu, "saruk" gangara. Daga nan ma sunansu ya samo asali. A 1957 masanin harshe William Bright ya buga nahawun harshen, yau kuma jikokinsu na bin ƙamus da tsofaffin faya-fayan murya suna tsintar kalmomin kakanninsu ɗaya bayan ɗaya. Su ma akwai lokacin da kowane gida ke jin yaren. Gida-gida aka riƙa yin shiru har abin ya kai haka.

Za a ce Hausa tana da Kano da Maradi. Gaskiya ne. To amma Hausar Kano ba za ta zo ta yi wa ɗanka hira a tsakar gida a Sabonjida ba. Kuma ku duba abin da yaro ke rasawa. Wanda bai san faɗin ma'anar dutse ba, me zai fahimta in an ce Dutsen Dala, ko Kufena ta Zariya, ko Dutsin-Ma, ko Dogon Dutsi ta Nijar? Ina tudu, ina jigawa, ina kwazazzabo? Alhaji Umaru, wanda ya zauna a Salaga ya rasu a Kete Krachi a 1934, a ƙasar nan ya rubuta Hausarsa mai zurfi. Mu jikokin zamaninsa mun mayar da ita harshen ciniki a kasuwar Aboabo kawai.

Na san Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnatin Gana ke koyarwa a makarantunta. Wannan ƙarin nauyi ne a kanmu. Malaman Islamiyya su daina cusa Turanci a fassara alhali kalmar Hausa tana nan. Masu shirye-shiryen Hausa a rediyo su ji kunyar "mawuntin". Iyaye kuma, in yaro ya yi kuskure a gyara masa kafin a yi dariya.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ni dai na yi wa ɗan ƙanwata alkawari, in an yi hutu zan kai shi Gambaga ya ga tsauni da idonsa, ya kuma kira shi da sunansa. Allah ya sa mu farga.