A Riƙa Tambayarmu Kafin A Kashe Kuɗin Asibiti

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in tofa albarkacin bakina a kan wata gardama da ta kaure mana a teburin mai shayi ranar kasuwa. Wai shin wanda muka zaɓa dole ne ya bi abin da muke so a kan sha'anin asibiti da kashe kuɗi, ko kuwa ya yi yadda ya ga dama tunda ya fi mu boko?

Ni dai a ganina wakili ɗan aike ne. In na ba yaro kuɗi ya sayo mini taki ya dawo da rediyo, ko rediyon ya kai me kyau, ai bai yi aike ba.

Mu a garinmu abu biyu muka roƙa lokacin kamfe: ungozoma wadda za ta riƙa kwana a gari, da magani a ɗakin shan magani. Me muka samu? Sabon gini, an shafe shi da fenti, an kafa allo da sunan mai girma. Ga kwaɗo nan a ƙofa, awaki ke kwana a baranda. Da damina in zazzaɓi ya kama yara sai mu nufi kemis da kuɗin da ba mu da shi, mai naƙuda kuwa a ɗora ta a babur cikin dare a keta laka da ita. Dalili ba ɓoyayye ba ne, jama'a. Gini kwangila ne, ana samun kaso, ana ɗaukar hoto. Albashin ungozoma ba wanda zai ci ko kwabo a ciki.

Kuma kada a ce mana wai ba a san muhimmancin abin ba. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi don lafiya, amma Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa kai wa nan ba. A 2014 aka sa hannu a dokar lafiya ta ƙasa, wadda ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. A 2024 kuma Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To mu wa ya taɓa zuwa ya ce mana ga abin da ya shigo, me kuka fi buƙata?

Sai dai wani dattijo a wurin ya jefo mini tambayar da ta sa na yi shiru. Ya ce, ka manta da 2003? Wallahi ban manta ba. A shekarar ne jita-jita ta bazu cewa ɗigon shan inna yana hana haihuwa, ni kaina sai da na hana a ɗiga wa ɗana na fari. Tsoron namu yana da tushe, don ba mu manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi a kan yara a Kano a 1996 ba. Gwamnatin Kano ta bi ra'ayin jama'a ta dakatar da rigakafin har zuwa 2004. Cutar ta ƙaru, ta tsallaka wasu ƙasashe, yara suka shanye. Sai a 2020 aka ce Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, bayan sarakuna da malamai sun sha wahalar wayar da kan mutane.

Saboda haka na yarda akwai wurin da bai kamata wakili ya bi mu ba. Ko wane magani ne ke aiki, wannan na likita ne, kuma wakilin kirki sai ya zo ya gaya mana gaskiya ko za mu yi masa ihu. Amma ko a wancan lokacin akwai tambayar da talaka ya yi wadda take daidai: don me ake biyo mu har gida da ɗigo kyauta, maganin zazzaɓin da ke kashe mana yara kuma sai da kuɗi? Inda kuɗi zai tafi, nan kam mu muka fi sani, don mu ke haƙa kabari.

Roƙona ga kansiloli da ciyamomi da 'yan majalisa shi ne, kafin a rubuta kasafi a kira taro a ƙofar gidan dagaci, a kira mata su ma, don su ke jinya. Abin da aka amince a kai a rubuta shi da Hausa da ajami, a manna a bangon asibiti tare da adadin kuɗin da sunan wanda aka damƙa wa.



Naka,
Wani mai karatu daga karkara.