Allurar ƙarin ƙarfi ba ta maye gurbin tukunya

A Tambuwal da Kebbe, da damina ta yi nisa manomi ya ji gaɓoɓinsa sun mutu, sai ya nufi kemis a ba shi haɗin bitamin B, ƙwaya ko allura. Washegari fitsarinsa ya koma ruwan ɗorawa, ya ce magani ya kama. Alhali wannan launin rarar bitamin B2 ce da ƙoda ta zubar. Kuɗin da ya kashe a nan, da a cefane ya sa su, da sun fi yi masa amfani.

Bitamin B shi kaɗai ba ya ba da ƙarfi, sai ya manne da furotin ɗin da ake kira enzayim, kamar yadda ruwan fartanya ba ya noma sai an sa masa ƙota. B1 sai jiki ya ƙara masa fosfat 2, sannan sinadarin maganiziyam ya taimaka ya zaunar da shi a gurbinsa cikin enzayim mai fitar da kuzari daga sukari. B2 a wasu enzayim ɗin ɗaure yake ƙam, B3 kuwa shiga da fita yake yi. Guraben nan suna da iyaka. In sun cika, yawancin abin da aka ƙara fitsari yake bi, domin jiki ba ya tara waɗannan bitamin da yawa, in ban da B12 da hanta ke ajiyewa.

Asarar gaske a madafa take. A shekarun 1890 Christiaan Eijkman ya nuna a tsibirin Jaba cewa kajin da ake ciyarwa da farar shinkafa suna shanyewa, su warke in an ba su dusarta, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1929. Mu ma surfe yana kwashe rabo mai yawa na bitamin B daga gero da dawa, mu zuba wa awaki. Shinkafar da aka turara kafin a cashe ta ta fi fara tas riƙe B1. Kanwa kuma, in ta haɗu da zafin wuta a tukunyar wake, lalata B1 take yi.

Uwargida za ta ce kanwa tana rage cin itace, kuma gaskiyarta. Amma jiƙa wake tun dare yana rage daɗewarsa a wuta, sai kanwar ta zama kaɗan. Wani zai ce ai likitoci ma suna rubuta bitamin B. Suna yi, bisa dalili sananne. Maganin tarin fuka, isoniyazid, yana kama B6 ya hana shi aiki, shi ya sa ake haɗa su. Mai ciki tana buƙatar folik asid, wanda shi ma bitamin B ne, tun farkon ciki. Dattijon da cikinsa ya daina samar da furotin ɗin da ke rakiyar B12 zuwa ƙarshen ƙaramin hanji kuwa, ko nama yake ci kullum, allura ce maganinsa, kuma gwajin jini a asibiti ne zai nuna haka.