Sharhi: Kukan Talaka a Kankiya da Kusada, Jiya da Yau

Abin da talaka ke nema wurin gwamnati yana bin halin da rumbunsa yake ciki. A ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada, inda yawancin jama'a ke dogaro da noman gero, dawa, wake da gyaɗa, wannan buƙata ta sauya kama fiye da sau ɗaya.

A da, babban fatan manomi shi ne hukuma ta sakar masa mara. Haraji da jangali su ne fuskar gwamnati da ya fi sani, shi ya sa soke su da Gwamna Balarabe Musa ya yi bayan hawansa mulki a 1979, lokacin yankin yana cikin tsohuwar Jihar Kaduna, ya zauna a zukatan dattawa. Bayan ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, magana ta fi karkata ga ayyuka: hanya, rijiyar burtsatse, asibiti, makaranta, da taki kafin damina ta sauka. Abinci kuwa ba a cika kai kukansa ga hukuma ba, sai a shekarar fari irin ta 1973. Rumbu, zakka da dangi ne ke ɗaukar wannan nauyi.

Cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023 ya girgiza wannan tsari. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce 1,000 a ƙarshen 2024. Kuɗin mota a hanyar Kano zuwa Katsina, wadda ta ratsa Kankiya, ya tashi, kuma duk buhun da aka ɗora ya tashi tare da shi. Mai noman rani ya rasa man da zai zuba wa injin ban-ruwa. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a ƙasar ta haura kashi 40 cikin ɗari. Abin da ya fi ciwo shi ne mai taimakon ma ya zama mai nema: ɗan ci-rani ba ya aiko da abin kirki, adashi yana watsewa, maƙwabcin da ke ba da rancen tiya ya kulle rumbunsa.

Daga nan ido ya koma kan gwamnati, aka fara neman ta ciyar. Naira biliyan biyar-biyar da gwamnatin tarayya ta sanar wa jihohi a Agustan 2023 ta ƙara ƙarfafa wannan tunani, har kalmar "tallafi" ta zama ma'aunin da ake auna kansila da ciyaman da shi. Wannan koma-baya ne. Shinkafar rabo takan ƙare cikin mako guda, sau da yawa ma ba ta isa ƙauye ba, alhali taki mai rahusa a kan kari da tsaron da zai bar manomi ya shiga gonarsa su ne ke cika rumbun shekara.

Kukan kuma ya matso kusa da gida. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, mutumin Kusada ko na Kankiya ya sami hujjar tambayar sakatariyar garinsu nawa ya shigo a wata, kuma me aka yi da shi.