Ɗegel, Ƙauyen Da Ya Rena Jama'ar Shehu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, da yawa daga cikinmu idan fatauci ko aikin gwamnati ya kai mu Sakkwato mukan ziyarci Hubbaren Shehu. Amma kaɗan ne ke tambayar hanyar Ɗegel, wani ɗan ƙauye a ƙasar Gwadabawa, alhali kuwa a can aka shuka abin da aka girbe a Sakkwato.

A Maratta aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a shekarar 1754, daga baya iyayensa suka koma Ɗegel, a cikin mulkin Gobir. Ba birni ba ne, ba shi da fada. Mazaunin malamai ne da almajiransu. Tun wajen 1774 Shehu ya fara wa'azi, yana fita rangadi har Kabi da Zamfara, yana dawowa. Maza da mata duk suna zama majalisinsa, abin da wasu malaman zamanin suka soka, shi kuwa ya tsaya a kan cewa barin mata cikin jahilci ya fi muni. A wannan gida aka haifi Nana Asma'u.

Mu a ganinmu, ƙarfin Ɗegel yana cikin nisantarta da ƙofar sarakuna. Da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ran Babbar Salla ya raba musu dukiya, Shehu bai karɓa ba. Abubuwa biyar ya roƙa a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsawa, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Sarki ya amince. Malamin da ya riga ya cika aljihu, ina zai sami bakin wannan roƙo?

Sarautar ta sake hannu, lamari ya canja. Nafata ya hana wa'azi sai ga Shehu kaɗai, ya hana rawani da lulluɓi. Ɗansa Yunfa ya ƙara tsanantawa, har ya umarci Shehu ya fita da iyalinsa, ya bar jama'a. Shehu ya ƙi rabuwa da su. A watan Zulƙida na 1218, wato Fabrairun 1804, suka ɗaura littattafai a kan raƙuma, suka bar Ɗegel suka nufi Gudu.