Zaman Gida: In Maigida Ya Ɗora Ransa a Kan Jirgin Sama

 

Wanda ya taɓa bin hanyar da ta fita daga Sakkwato ta nufi kudu, ta bi ta Boɗinga har Shagari, ya san filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku yana wannan shiyya. Saboda haka mutanen Sifawa, garin nan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, sun saba da rugugin jirgi. Manomi yana tsakiyar noman gero sai ya ji shi, ya ɗaga kai, ya koma bakin aikinsa. Yara kuwa sai sun bi shi da ido har ya ɓace. Yawancinsu sukan manta. Amma a cikin yaran da ke kallon sama akan sami guda wanda abin ba ya barinsa. Ya girma, ya yi karatu, ya kama aiki, ya yi aure, har yanzu abin yana nan a ransa.

To, a ce wata rana da dare, an ci tuwo, yara sun yi barci, wannan mutum ya dubi matarsa ya ce, "Uwargida, akwai abin da ya daɗe yana cina a rai. Ina so in koyi tuƙin jirgin sama. In Allah ya yarda kuma, wata rana in sami ɗan ƙarami nawa na kaina."

Me za ta ce masa?

Wata za ta ƙyalƙyale da dariya, gobe kuma ta kai labarin gidan maƙwabta. Mijinta ba zai sake buɗe mata cikinsa ba har abada. In ya fara tara kuɗin, a ɓoye zai tara. Wata kuwa za ta ce, "To, Maigida, yadda ka gani," ta juya ta kwanta, amma zuciyarta tana kan kuɗin makarantar yara. Wannan shiru yakan zama guna-guni bayan shekara biyu. Muna ganin akwai amsa ta uku, ita ce kuwa ta fi wuya. Matar ta ce, "Maigida, na ji. Kawo takarda da fensir mu duba tare." Gama burin mutum ɗaya, in ya kai girman jirgin sama, gida duka ne zai ɗauke shi. Waɗanda za su ɗauki kaya kuwa, ya kamata su san nauyinsa tun yana ƙasa.

Me Za a Rubuta a Takardar?

Da fari akwai koyo. Jirgi ya fara sauka a ƙasar nan ne ran 1 ga Nuwamba, 1925, sa'ad da jirage uku na sojan Ingila suka iso daga Masar. A lokacin nan ɗan ƙasa sai kallo. Amma tun 1964 akwai makarantar koyon tuƙin jirgin sama a Zariya. Lasin na fari da mutum ke samu shi ne na mai tuƙi don kansa. Kafin a ba shi sai ya kai shekara 17, likita ya duba idonsa da kunnensa da zuciyarsa, ya ci jarrabawa a kan dokokin sama da sanin yanayi da karanta taswira, ya kuma yi awa 40 aƙalla a sama, 10 daga ciki shi kaɗai ba malami a gefensa. Kowace awa da kuɗinta. Sa'an nan ga abin da uwargida za ta so ta sani tun da wuri: mai wannan lasin ba shi da iznin ɗaukar fasinja ya karɓi kuɗi. Watau jirgin ba kamar motar haya yake ba, wadda za ta fita da safe ta dawo da abin cefane. Ci zai yi ta yi, ba ya kawowa.

Na biyu akwai jirgin kansa. Wanda masu tuƙi don kansu suka fi sani shi ne Cessna 172, mai kujera huɗu. Tun 1956 ake sayar da shi, an ƙera fiye da 44,000. A 2023 kuɗin sabo ya haura dala 400,000. Tsoho ya fi araha nesa ba kusa ba, amma kowa ya san halin tsohuwar mota, balle wadda ba ta da gefen hanyar da za ta tsaya in ta lalace.

Na uku shi ne wanda mutane suka fi mantawa. Mutanen ƙasar Sakkwato sun san doki. Sayensa rana ɗaya ne, amma ko an hau ko ba a hau ba, sai ya ci dawa da harawa, sai an ba shi kanwa, sai an biya mai kula da shi. Haka jirgi yake. Yana ajiye ma ana biyan wurin ajiya, ana biyan inshora, kowace shekara kuma sai injiniya mai lasin ya duba shi. In ya tashi yakan sha wajen lita 30 a awa guda, man nasa kuwa dabam yake da fetur na mota, dabam kuma da man manyan jirage, ba a kowane fili ake samunsa ba. Injinsa in ya yi awa wajen 2,000 sai a sauke shi a yi masa gyara gaba ɗaya. Kayan gyaran daga ƙasashen waje suke zuwa, da dala ake sayensu. Miji da mata da suka rubuta kuɗin saye kawai suka tsaya, sun sayi doki ne ba su tanadi ciyawa ba.

Abin da Kuɗi Ba Ya Biya

Akwai wani layi a takardar da ba a rubuta shi da lamba. Da yawa cikinmu mun tuna da Gwamna Danbaba Suntai na Jihar Taraba, wanda ya koyi tuƙi a Zariya saboda sha'awa. Ran 25 ga Oktoba, 2012, jirgin Cessna 208 da yake tuƙawa daga Jalingo ya faɗi kusa da Yola. Ya tsira da ransa amma ya ji ciwo mai tsanani a ka. Aka kai shi Jamus, aka kai shi Amurka, ya rasu ran 28 ga Yuni, 2017. Kusan shekara biyar ke nan iyalinsa suna jinya. Mun kawo wannan labari domin kowane mai buri ya tuna cewa shi kaɗai ne a kujerar tuƙi, amma in abu ya faru, matarsa da 'ya'yansa ne za su zauna a bakin gado. Don haka in mace ta ce tana jin tsoro, kada a ce mata ba ta da ilimi. Tana da hakki ta tambaya, a kuma amsa mata dalla-dalla.

A nan ne kuma mace take da wani taimako wanda babu mai iya ba da shi sai ita. Sabon matuƙi da ido yake tuƙi, sai yana ganin ƙasa da gefen sama. A ƙasarmu daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yakan rufe ko'ina, har manyan jirage a fasa tashinsu. Da bazara kuwa, sa'ad da zafin Sakkwato ya wuce digiri 40, iska takan yi sako-sako, jirgi ya bukaci doguwar hanya kafin ya ɗaga. Da damina ga hadari mai tasowa farat ɗaya. Malaman tuƙi sun san abin da ya fi tura mutum cikin irin wannan yanayi shi ne ɗokin komawa gida, ya yi alkawari, ana jiransa. Matar da ta ce, "Maigida, kwana can, gobe ma rana ce, ba wanda zai yi fushi," ta sauke masa wannan kaya. Wadda ta ce, "Ai ka ce yau za ka dawo," ta ƙara masa, ko da ba ta nufa ba.

Waɗanda Suka Ɗauka Tare

A Disamba 1933 Charles Lindbergh da matarsa Anne suka tashi daga Bathurst, wadda yau ake kira Banjul a Gambiya, suka haye teku zuwa Natal a Barazil, tafiyar wajen awa 16. Anne ta riga ta koyi aikin rediyo da tuƙi, ita ce ke aika saƙo tana karɓa a kujerar baya. Ba kowace mace za ta shiga jirgi ba, ba kuma tilas ba ne. Amma wadda ta san ma'anar abin da mijinta ke faɗi, tsoronta yakan ragu, shawararta kuma takan yi nauyi.

A 2020 wani injiniya ɗan Indiya mazaunin Essex a Ingila, wanda ya sami lasinsa a 2019, ya ga jiragen da yake haya masu kujera biyu ne, su kuwa a gida su huɗu ne. Shi da matarsa suka yi shawara, suka sayo sassan jirgi daga Afirka ta Kudu, suka yi rumfa a bayan gida, suka yi wajen shekara ɗaya da rabi suna haɗawa. Jirgin ya tashi a 2022, da sunan 'yarsu a jikinsa. Mu lura da abu guda: tun daga ƙidayar kujeru, iyali yana cikin lissafin.

A nan gida kuma, a 2007, Mubarak Abdullahi, ɗalibi a Jami'ar Bayero ta Kano, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota Honda da tarkacen ƙarafa. Kuɗin ya fito ne daga gyaran kwamfuta da wayoyi da yake yi, mahaifinsa kuma ya tallafa masa. Jirgin bai wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba, amma ya ɗaga, duniya kuma ta ji labari. Da an yi masa dariya a gida, da wataƙila ƙarafan suna nan a bola.

Kada kuma maza su ce wannan magana ta mata ce kaɗai. Amelia Earhart, wadda ta haye Tekun Atlantika ita kaɗai a 1932, mijinta George Putnam ne ke bin masu kuɗi yana shirya mata tafiya. Chinyere Kalu, mace ta fari a Nijeriya da ta sami lasin tuƙin jirgin fasinja, a Zariya ta koya, a 2011 kuma ta zama shugabar makarantar. Mai kallon sama a gidanku zai iya zama uwargida ce, ko 'yarku. Maigida, in ita ce ta kawo maganar, kai ma sai ka ɗauko takarda da fensir.

Shawararmu

Ga abin da muke ba miji da mata shawara su ƙulla tsakaninsu.

Na fari, a keɓe abin da ba a taɓawa: hatsin shekara, kuɗin makaranta, kuɗin asibiti, gonar gado, da adashin uwargida. Buri ya ci daga abin da ya ragu. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Na biyu, kada a ɓoye ko sisi. Littafin kuɗin ya zauna inda kowa zai iya buɗewa. In uwargida ta fi iya lissafi, a ba ta ta riƙe, ba abin kunya ba ne.

Na uku, a hau tsani mataki-mataki. A fara da lasin. Bayan haka a yi haya da awa, a ga ko sha'awar za ta daɗe. A Amurka da Ingila mutum huɗu ko fiye sukan haɗa kuɗi su sayi jirgi ɗaya, su raba ɗawainiyarsa. Sannu ba ta hana zuwa.

Na huɗu, a raba lokaci da adalci. Ranar da maigida yake filin jirgi, wani ne ke fama da yara. Ya san da haka, ya gode, ya kuma rama. Ya tambayi matarsa ita ma mene ne nata burin, gama mai yiwuwa ta daɗe tana son keken ɗinki ko komawa makaranta, ta yi shiru saboda shi.

Na biyar, a yarda tun yanzu cewa kowannensu yana da ikon cewa "ba bana ba," ba tare da an yi gaba ba. Mutumin da ya jinkirta burinsa saboda ɗansa ya shiga jami'a bai yi hasara ba.

Mun sani yawancin masu karatunmu ba za su sayi jirgin sama ba. Jirgin wani babur ne, na wani injin ban-ruwa don noman albasa, na wata kuma shago a kasuwa. Amma takardar iri ɗaya ce: nawa ne saye, nawa ne ci, wa zai ɗauki wahalar in abin ya ƙi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka a wannan wata muna roƙonku ku sami dare ɗaya bayan yara sun kwanta. Maigida, ka tambayi matarka abin da take so tun tana yarinya wanda ba ta taɓa faɗa maka ba. Uwargida, ke ma ki tambaye shi. Wanda ake gaya wa ya saurara har ƙarshe, kada ya yi dariya, kada kuma ya yi saurin cewa to. Sa'an nan ku ɗauko takarda.

Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu. Sai wata mai zuwa.