Sharhi: Ƙanzo ba albashi ba ne

A gidajen abincin da ke bakin tashar Matamaye, kamar na sauran garuruwan jihar Damagaram, yaron gida ne ke riga kowa tashi. Shi ke ɗebo ruwa, ya hura wuta, ya yanka albasa, ya wanke tukwane, kuma shi ke rufe ƙofa bayan isha'i. Idan aka tambayi maigida nawa yake biyansa, amsar da aka saba ji ita ce "ai koyo yake yi". Ladansa abincin da zai ci, wani lokaci da ɗan kuɗin sabulu. Haka abin yake a teburin mai shayi da tukubar mai tsire.

Koyon sana'a a hannun ubangida tsohuwar al'ada ce mai daraja a ƙasar Hausa. Sai dai a da nauyin yana kan ɓangarori biyu. Yaro ya yi hidima, ubangida ya ciyar da shi, ya tufatar da shi, ya koya masa sirrin sana'a, ranar da ya ƙware kuma ya yaye shi da jari, wani ma har ya yi masa aure. Yau a wurare da dama an riƙe hidimar an yar da yayen. Yaro sai ya shekara uku yana goge tukunya, ba a taɓa barinsa ya haɗa miya ba.

Matsalar ba ta tsaya a Nijar ba. Gidan abincin Noma da ke Kopenhagen a ƙasar Denmark, wanda sau biyar ana zaɓensa a matsayin na ɗaya a duniya, ya daɗe yana amfani da matasan da ke aiki kyauta da sunan neman ƙwarewa. Sai a watan Oktoban 2022, bayan suka ta yi yawa, ya fara biyansu, kuma jaridar New York Times ta ruwaito cewa hakan ya ƙara masa aƙalla dalar Amurka 50,000 a wata. Wannan adadi shi ne kuɗin gumin da aka daɗe ana ci. A Faransa kuwa, doka ta wajabta biyan ɗalibin da horonsa ya wuce wata 2.

Nijar ma tana da doka. Kundin ƙwadago na ranar 25 ga Satumban 2012 ya ce yarjejeniyar koyon sana'a ta kasance a rubuce, ya kuma hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba, ko da a matsayin mai koyo. A shekarar ce aka ƙayyade mafi ƙarancin albashi a kan sefa 30,047 a wata. Akwai kuma asusun FAFPA da aka kafa domin tallafa wa horon sana'o'i. Amma duk waɗannan ba kasafai suke kaiwa bakin murhun tasha ba.

Masu gidajen abinci na da tasu hujjar. Ribar kwanon shinkafa ba ta taka kara ta karya ba, kuma sabon yaro yakan yi ɓarna kafin ya iya. Wannan ya isa dalilin a fara biyansa kaɗan. Bai isa dalilin a riƙe shi shekaru babu ko dala ba. Ranar da maigida ya iya tafiya kasuwa ya bar masa tukunya, ranar ya zama ma'aikaci.

Mutanen yankin Kance, wanda Matamaye ce cibiyarsa, sun san abin da rashin madogara a gida ke jawowa. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara, da yawansu daga wannan yanki. Matashin da ya yi shekaru yana aiki bai tara komai ba, ba shi da abin da zai hana shi sauraron masu kwaɗaita masa wannan hanya.

Gyaran ba mai tsada ba ne. A yanka wa koyo wa'adi a gaban iyaye da mai unguwa, a rubuta shi. A riƙa ba yaro wani abu kullum, yana ƙaruwa yadda hannunsa ke faɗawa. Hukumar gari da sarkin fawa su riƙa ba da takardar shaidar ƙwarewa, jami'an ƙwadago na Damagaram kuma su leƙa tashoshi, kada su tsaya ga manyan kamfanoni.

'Yan ci-rani da ke aiko da kuɗi daga Kano, Legas, Tamanrasset ko Turai domin a buɗe musu gidan abinci a gida, su ne ya kamata su fara. Da yawansu sun wanke kwanukan wasu, sun san zafin a hana mutum haƙƙinsa. Idan sun kira waya suna tambayar cinikin mako, su tambayi nawa aka ba yaron da ya hura wutar.